TARIHIN FARASHIN BABUR A ƘASAR HAUSA: DAGA KUƊIN UDOJI ZUWA BABUR MAI CAJI

 

Makonni biyu da suka wuce wata 'yar uwa daga cikinmu ta turo mini labarinta in duba mata, ta kuma ba ni izinin in yi misali da shi ba tare da na faɗi sunanta ba. Labarin ya tsaru ƙwarai. Amma a babi na uku na ci karo da abin da ya tsayar da ni. Tauraron labarin malamin firamare ne a shekarar 1985, ya shiga kasuwa shi kaɗai ya sayi babur ɗinsa na farko, Boxer sabo dal, a kan Naira 200,000, ya biya lakadan ba tare da ko tayi ba.

Abu uku suka ɓaci a wannan jimla. A 1985 babu Boxer a ƙasar nan, sai a shekarun 2000 ya shigo. Naira 200,000 kuwa, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake Naira 125 a wata, albashin ƙaramin ma'aikaci ne na fiye da shekara 130. Sannan Bahaushen da zai sayi babur ɗinsa na farko bai tafi da kowa ba, bai kuma yi tayi ba, ni dai ban taɓa jin labarinsa ba.

Ban ga laifinta ba, don ni ma ban san yawancin abin da zan faɗa ba sai da na yi 'yan karance-karance, na kuma zauna da kawuna da wani tsohon bakanike na unguwarmu. Na kawo mana tarihin ne saboda amfani biyu. Na ɗaya na alƙalami ne. Na biyu na aljihu ne, domin na san da yawa daga cikinmu, har da ni, muna zubin adashi da niyyar mallakar babur na farko, kullum muka kusa sai farashin ya ƙara gaba. Abin da nake so mu gani shi ne: tun da babur ya shigo ƙasar Hausa, ba mai shago ba ne kaɗai yake yanka farashinsa. Darajar Naira, da ƙasar da babur ɗin ya fito, da dokar gwamnati, su ne suke yanka mafi yawansa tun kafin mai saye ya yi sallama a bakin shago.

KAFIN BABUR

Cinikin abin hawa ya girmi babur nesa ba kusa ba. Kakanninmu sun yi cinikin doki da jaki da raƙumi, kuma ƙa'idojin da suka bari su ne muke bi har yau ko ba mu lura ba. Mai sayen doki ba ya yarda da ƙyallin gashinsa. Sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙori don ya san shekarunsa, ya ɗaga kofato, ya sa a zagaya da shi ya ga ko yana ɗingishi. Tsakanin mai kaya da mai saye akwai dillali, wanda yake cin la'ada idan ciniki ya faɗa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a kai ga sallama, sannan a kafa shaidu.

Addini ma ya ɗaure wa wannan tsari gindi. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, yana da babi guda a kan saye da sayarwa, a ciki an hana algus da ɓoye aibin kaya. Hadisi ya hana tayin ƙarya, wato mutum ya taya kayan da ba shi da niyyar saye don kawai ya tunzura wani ya ƙara kuɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yan babura ya ga wani ya ɓullo daga gefe yana cewa shi ma yana so, ya san wannan hani bai tsufa ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka fara shiga hannun manoma da 'yan kasuwa. Abin hawan ƙarfe na farko da talaka ya iya mallaka shi ne keke, musamman Raleigh na Ingila, wanda daga baya kamfaninsa ya kafa masana'anta a Kano. Babur kuwa a zamanin Turawa da farkon samun 'yancin kai abin hawan tsiraru ne: manyan ma'aikatan En'e, da akawuna, da attajirai.

ZAMANIN UDOJI

A ranar 1 ga Janairun 1973 Nijeriya ta bar fam da sule ta koma Naira da kwabo, fam ɗaya a kan Naira 2. A ƙarshen wannan shekara farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi a duniya, kuɗi suka cika baitulmalin gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Kwamitin da Cif Jerome Udoji ya shugabanta ya ba da rahotonsa a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, a farkon 1975 aka biya su har da ariyas na watannin baya. A dare ɗaya masinja da malamin makaranta da ɗan sanda suka riƙe dunƙulallun kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. Rediyo, agogo, keken ɗinki, ƙarin aure, da babur, su ne inda kuɗin suka nufa.

Baburan wannan zamani na Japan ne da Italiya. Akwai Vespa, wadda kamfanin Piaggio ya fara ƙerawa a 1946, abin hawan 'yan gayu da malamai masu babbar riga, don ba ta ɓata wa mutum tufafi. Akwai Honda Benly da Roadmaster na masu hannu da shuni, da Suzuki da Yamaha 100, da ƙananan irin su Yamaha Mate da Honda 50. A Jamhuriyar Nijar kuma Mobylette ta Faransa ce ta yi tashe. Ma'aikacin gwamnati yakan samu rancen babur daga wurin aiki, a riƙa cira a albashinsa kaɗan-kaɗan. Da aka buɗe shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, malamin gona a kan babur ya zama abin da ƙauyuka suka saba gani.

Akwai babur ɗaya da ya kamata mu tsaya a kansa, wato Honda CG125. A 1974 kamfanin Honda ya tura ma'aikatansa ƙasashe masu tasowa na Asiya su gano dalilin da ya sa injinansa suke saurin lalacewa a can. Suka tarar mutane suna lafta wa babur kaya da iyali, ba sa canza baƙin mai sai ya koma kamar kwalta, ba sa kai shi gyara sai ya tsaya cak. Maimakon su tsaya yi wa mutane wa'azi, sai suka ƙera inji mai sauƙi wanda zai jure wannan riƙo, suka fito da shi a 1975. Wannan inji ne kamfanonin ƙasar Sin suka kwaikwaya daga baya, kuma jikokinsa ne suke cike da titunanmu a yau. A 1979 Honda ta kafa kamfanin haɗa babura a Ota ta Jihar Ogun.

Me ya sa ma'aikaci ya iya sayen sabon babur na Japan a lokacin? Saboda Naira tana da ƙarfi. A 1980 Dala ɗaya ba ta kai Naira ɗaya ba, kwabo 55 ne ko kusa da haka. Amma ko a wannan zamanin daula akwai darasi. Da kowa ya samu kuɗi a lokaci guda ya nufi kasuwa a lokaci guda, hauhawar farashi a 1975 ta haura kashi 30 cikin 100. Tsohon bakaniken da na ambata ya ce mini: “Yaro, wanda ya sayi babur a satin da aka biya Udoji, shi ya biya wa 'yan kasuwa nasu Udojin.”

TSUKE BAKIN ALJIHU DA HAIHUWAR ACAƁA

Daula ba ta daɗe ba. Farashin mai ya faɗi, a 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. Labarin 'yar uwarmu a nan ya faɗo: malamin firamare na 1985 mutum ne da ya sha bin gwamnati bashin albashi a shekarun da suka gabata, abin da ya fi kama da gaskiya shi ne ya sayi tsohuwar Suzuki a hannun wani ma'aikaci da aka sallama daga aiki.

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar Naira. A watan Satumba na shekarar Dala ta koma sama da Naira 4, zuwa 1993 ta kai kusan Naira 22 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuwa ta wuce haka. Sabon babur na Japan ya fi ƙarfin ma'aikaci. Masana'antu suka fara rage ma'aikata, motocin haya suka tsufa babu kuɗin sauya su.

Daga wannan matsi abu biyu suka fito. Na farko acaɓa. Ma'aikacin da albashi bai isa ba ya fara ɗaukar fasinja bayan an tashi daga aiki, wanda aka sallama ya mai da ita sana'a, matasa daga karkara suka biyo baya da rani. Kowane yanki ya raɗa mata suna: acaɓa a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Nijar, goyin a Kaduna da Jos, okada a Kudu, sunan da aka aro daga kamfanin jiragen sama na Okada Air. Daga nan babur ya tashi daga abin ado ya zama jari. Mai saye ya daina tambayar wanne ya fi kyau, ya koma tambayar wanne zai mayar da kuɗinsa da wuri.

Na biyu shi ne babur na hannu daga ƙasashen waje, wanda ake kira ɗan Kwatano ko Baljiyam. Ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome, su biyo hanya, wasu ta Maraɗi da Birnin Ƙonni, su shigo Arewa. A Janairun 1994 aka karya darajar Sefa da rabi, 'yan uwanmu na Nijar su ma suka ɗanɗana abin da muka ɗanɗana.

A wannan zamani ne bakanike ya zama wajibi a wurin ciniki. Tunda babur na hannu ba shi da farashin kamfani, darajarsa tana cikin injinsa ne, kuma ba kowa ke iya karanta inji ba. A nan ne aka ƙware wajen wanke tsohon babur a fesa masa fenti, a zuba masa baƙin mai mai kauri don ya ɓoye ƙara, a kai shi kasuwa yana walƙiya. Abin da haƙori yake ga doki, shi hayaƙin salansa ya zama ga babur.

DA SABO YA KORI NA HANNU

Ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 sun zo da juyin da ba a zata ba: sabon babur ya yi araha har ya kori ɗan Kwatano daga kasuwa. Garin Nnewi na Jihar Anambra, cibiyar kayan gyaran babur ta Nijeriya, yana da hannu dumu-dumu a ciki. Innocent Chukwuma, mai kamfanin Innoson, ya sha ba da labarin yadda ya lura cewa idan aka shigo da babur a haɗe, kaɗan ne kwantena take ɗauka. Sai ya riƙa shigo da su a warwatse daga ƙasar Sin, kwantena ɗaya ta ɗauki ninkin-ba-ninkin, a haɗa su a gida, ya kuma maye wasu sassan ƙarfe da roba. Sauran 'yan kasuwa suka bi sahu, farashi ya faɗo warwas.

Babur ɗin da ya zama tambarin wannan zamani a Arewa shi ne Jincheng, daga birnin Nanjing, wanda aka ƙera a kan tsarin Suzuki AX100. Injinsa irin wanda yake ƙona fetur tare da baƙin mai ne, shi ya sa duk wanda ya san Kano a shekarun 2000 yake tuna shuɗin hayaƙin da yake rufe titi da yamma. Sabonsa bai kai Naira 100,000 ba. Sai ga Lifan, da Haojue, da Kasea, da Daylong, da 'yar ƙaramar da muke kira roba-roba. Siyasa ta dawo a 1999, rabon babura ya zama hanyar neman ƙuri'a, wasu da aka ba wa sukan karyar da shi ga dillalai tun kafin su isa gida. Araha dai ba ta ado: da yawa daga cikin baburan ba sa shekara biyu a hannun ɗan acaɓa ba a kwance injinsu ba.

Wannan rauni ne ya buɗe wa Indiya ƙofa. Boxer na kamfanin Bajaj ya shigo da inji wanda baƙin mansa daban fetur daban, ba hayaƙi, ba shan mai, ga doguwar kujera mai ɗaukar mutum biyu da buhu. Ya fi na Sin tsada, amma 'yan acaɓa suka yi lissafi suka ga abin da suke ragewa a gidan mai da wurin bakanike ya cike gurbin. TVS ta biyo baya. Gasar ta yi zafi har Honda da kanta ta sauko: a 2011 ta fito da Ace CB125, wanda aka haɗa a Nijeriya, a kan kusan Naira 100,000. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

RANAR DA DOKA TA SHIGA CINIKI

Abu na uku da yake yanka farashi shi ne doka, kuma ita ba ta yin sallama. A 2005 Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata a Kano, ta kawo babura masu ƙafa uku da har yau muke kira A Daidaita Sahu. A Oktoban 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista. Ranar 1 ga Janairun 2009 dokar hular kwano ta fara aiki, hular ta yi tsada har wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka. A Yulin 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri saboda masu kai hari da shi. Kaduna ta hana acaɓa a 2014, Jihar Diffa ta Nijar ta hana zirga-zirgar babura a 2015.

Ta Kano ce ta shigo har cikin gidanmu. Ranar Asabar 19 ga Janairun 2013 aka kai wa ayarin Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, Allah Ya kuɓutar da shi, wasu daga cikin na kusa da shi suka rasa rayukansu. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta hana sana'ar acaɓa.

Makonni bakwai kafin nan kawuna ya karɓi Boxer sabo a hannun wani mai hali, a kan zai riƙa biya duk mako har ya zama nasa. Kuɗin da aka yanka masa ya ɗara na kasuwa da kusan rabi, ya yarda saboda ba shi da dunƙulallen kuɗi. Kakarmu ta sayar da tumakinta biyu aka ba da kafin alƙalami. Ba a rubuta komai ba, don a cewarsa kunya ba za ta bar shi ya nemi takarda a wurin babban mutum ba. Da aka hana acaɓa biya ya gagara. Mai babur ya aiko aka ɗauke abinsa, ya ce abin da aka biya a baya balas ne, wato kuɗin haya. Kawu ya ce ciniki ne. Babu takarda, babu shaida, maganar ta mutu a nan. Ina ɗan shekara 13 a lokacin, amma ban manta yadda kakarmu ta yi kwanaki ba ta leƙa turken tumakin ba.

Da na tambaye shi kwanan nan na ce: “Kawu, da za a mayar da kai wancan lokaci, me za ka canza?” Sai ya ce: “Ɗana, tsadar ba ta dame ni ba, na san bashi ba ya zuwa a farashin lakadan. Tambaya ɗaya ce ban yi ba: idan aiki ya tsaya, kuɗin da na biya na wane ne?”

Ya kuma ba ni labarin yadda a watannin da suka biyo baya babura na hannu suka cika kasuwa, kowa yana neman kai da nasa, masu saye daga ƙauyuka da jihohin maƙwabta suna tayawa yadda suka ga dama, yayin da A Daidaita Sahu ta yi tsada. Ƙarfen bai canza ba, sanarwa ɗaya ta rediyo ce ta canza masa daraja.

DAGA 2016 ZUWA YAU

A 2015 Dala tana kusan Naira 197 a farashin gwamnati. A Yunin 2016 ta tsallaka zuwa wajen 280, ta ci gaba da hawa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ta haura 1,000. A Yunin shekarar aka saki Naira ta nemo darajarta a kasuwa, zuwa farkon 2024 Dala ta kai Naira 1,500. A wannan shekara sabon Boxer ya haura Naira miliyan ɗaya.

Yanzu mu dawo kan adadin da na ce mu riƙe. Naira 100,000 ta 2011, a canjin lokacin na kusan Naira 155, Dala 650 ce ko kusa da haka. Ka lissafa Dala 650 a kan Naira 1,500, za ka samu Naira 975,000. Ashe a ma'aunin Dala babur bai yi wani nisa ba, Nairar da ke aljihunmu ce ta rame. Ta ɓangaren albashi kuma: a 2011 mafi ƙarancin albashi Naira 18,000 ne, wato albashin ƙasa da wata 6 zai sayi wancan babur. A 2024 an mai da shi Naira 70,000, amma sai ka tara na fiye da wata 14 ba ka ci ko sisi ba kafin ka kai miliyan. Wannan shi ne dalilin da ya sa adashinmu yake bin babur a guje bai kamo shi ba.

Tsadar fetur ta kuma kawo sabon baƙo, babur mai caji. Shi ba shi da fistin balle hayaƙi, amma babban kaso na kuɗinsa yana cikin batir, kuma batir yana tsufa ba tare da ya nuna a jiki ba. Wanda zai sayi na hannunsa yana bukatar sabon irin bakanike.

ABIN DA TARIHIN YAKE FAƊA WA MAI SAYE

Kowane zamani ya bar mana darasi guda. Udoji ya koya mana kada mu shiga kasuwa ranar da kowa yake shiga. Da kaka, idan manoma sun sayar da amfani, da gab da Salla, masu saye sun fi yawa. Da faɗuwar damina kuwa, lokacin da ake neman kuɗin taki, masu sayar da na hannu ne suka fi yawa.

Zamanin SAP da na yanzu sun koya mana cewa farashin da abokinka ya saya wata uku da suka wuce labari ne kawai. Ka zagaya shago uku ko huɗu a rana ɗaya, ka san canjin Dala na makon, ka tambayi ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da kuɗin haɗawa da rasit, sannan ka tsaya a buɗe kwalin a haɗa a gabanka. Farashin sabo shi ne ma'aunin na hannu, idan ba ka san na farko ba ba ka da abin auna na biyu.

Zamanin ɗan Kwatano ya koya mana tafiya da bakanikenmu, ba wanda mai kaya ya kawo ba. A tayar da injin da sanyinsa, a saurari ƙararsa, a duba hayaƙi, a duba ko notocin inji suna da tabon sifana. Lambar inji da lambar jikin babur su dace da abin da ke rasit. Idan babur ya yi araha fiye da kima kuma babu takarda, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma wanda aka kama da kayan sata shi ne zai yi bayani a caji ofis. La'adar dillali halal ce, amma a san nawa ce kuma wa zai biya tun kafin a fara tayi, kuma ka nemi jin farashi daga bakin mai kaya.

Zamanin Jincheng da Boxer ya koya mana cewa kuɗin saye rabin lissafi ne. Ka tambayi shan mansa, da samuwar kayan gyaransa a garinku, da yadda yake riƙe daraja idan ka tashi sayarwa. Labarin kawuna kuma ya koya mana takarda. Malamai da dama sun halatta a sayar da kaya bashi a kan farashin da ya fi na lakadan, matuƙar an tsayar da farashi ɗaya tun farko. To, a rubuta shi, da adadin biya, da abin da zai faru idan an yi sata ko rashin lafiya ko gwamnati ta sa doka, a gaban shaidu. Alƙur'ani da kansa ya yi umarni da rubuta bashi, don haka babu abin kunya a ciki.

GA MASU ALƘALAMI

Ga 'yar uwarmu da sauranmu, babur agogo ne a cikin labari. Ka ɗora tauraronka a kan Vespa, mai karatu ya san zamanin da kake nufi da irin mutumin. Ka ba shi Jincheng mai hayaƙi, ka kai mu Kano ta shekarun 2000 ba tare da ka faɗi shekara ba. Sannan wurin cinikin kansa fage ne da muke yawan tsallakewa alhali cike yake da rikici: ga uwa da ta sayar da dabbarta, ga dillali mai zaƙin baki, ga bakanike da aka ƙifta wa ido, ga saurayin da zuciyarsa ta riga ta hau babur tun kafin a sallama masa. 'Yar uwarmu ta ce za ta sake rubuta babin, malamin nata zai sayi tsohuwar Suzuki, kuma zai tafi da surukinsa.

Aikin wannan mako: kowa ya samu dattijo ɗaya a gidansu ko unguwarsu ya tambaye shi babur ɗinsa na farko, wace shekara, wane iri, nawa ya saya, a ina ya samo kuɗin, kuma wa ya raka shi. A rubuta amsar yadda ya faɗa a kawo mana. 'Yan uwanmu na Nijar, da Ghana, da Kamaru, da Chadi, muna son jin naku da kuɗin ƙasashenku. Inda na yi kuskure kuma a gyara mini.

Allah Ya hore wa kowa abin hawa na halal, Ya tsare mu daga sharrin ƙarfe. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.